Wai da gaske ne taurarin da muke gani da dare sun riga sun mutu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake yawan gani ana turawa, wai taurarin da muke gani da dare duk sun mutu tuntuni, haskensu ne kawai ya rage yana iso mana. Don Allah masu ilimin abin su warware mana. Gaskiya ce ko ƙarin gishiri?

Malam Garba: Wa alaikumus salam Hajiya. Rabin maganar gaskiya ne, rabin kuma an zuzuta.

Gaskiyar da ke ciki ita ce haske tafiya yake yi, kuma tafiyar na cin lokaci. Gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa ɗaya. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, don haka haskensa kan iso cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Rana tana kilomita miliyan 150, haskenta sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya. Ke nan in kin ga rana ta taɓa ƙasa da almuru, hasken da ya shiga idonki ya baro ta tun minti takwas da suka wuce. Taurari kuwa nisansu ya fi ƙarfin a ƙirga da kilomita, shi ya sa ake auna shi da tafiyar da haske ke yi a shekara guda, wajen kilomita tiriliyan 9.5. Wanda ya fi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, shekara 4.2 ne. Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, shekara 8.6. Kaza da 'ya'yanta wajen shekara 440.

Inda aka zuzuta shi ne batun mutuwa. Taurarin da ido ke gani ba tare da na'ura ba 'yan dubbai ne, kuma mafi yawansu tafiyar shekaru ɗaruruwa ne zuwa dubu kaɗan. Tauraro kuwa, ko mai gajeren kwana ne, sai ya yi shekaru miliyoyi. Ranarmu ta yi biliyan 4.6, kuma ta yi kusan rabin rayuwarta ne kawai. Shekara ɗari huɗu a irin wannan rayuwa ba komai ba ce. Kusan duk wanda kika ɗaga kai kika gani yana nan daram.

Maman Ilham: Na gode Malam. To babu ko ɗaya da ake zaton ya mutu?

Malam Garba: Wanda aka fi sa wa ido shi ne Betelgeuse, jan tauraron nan da ke kafaɗar Jauza'u, wani jerin taurari mai siffar mutum. Ƙato ne da ya tsufa, nisansa tsakanin shekara 500 zuwa 700. A ƙarshen 2019 ya dusashe ƙwarai har mutane suka fara cewa zai fashe, daga baya aka gano ƙura ce ya fesar ta tare haskensa. Zai fashe wata rana, amma masana na lissafin hakan cikin shekaru dubbai masu yawa.

Abu Sumayya: Malam Garba, da girmamawa, ni nan ne nake tsayawa. Wa ya ɗauki tef ya je ya auno? Mutum ko duniyar Mirriku bai taka ba, amma a zo a ce mana wancan shekara 440 ne, wancan miliyan kaza. Abin da ba ka je ba ta yaya ka san nisansa? Ni dai ina ganin Turawa ne suka rubuta, mu kuma muka haddace.

Injiniya Hadiza: Yaya Abu Sumayya, mu masu aikin safiyo kullum muna auna nisan wurin da ba mu taka ba. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon dama ka kalli bango, sannan ka rufe na hagu ka buɗe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Nisantar da shi, tsallen ya ragu. In ka san tazarar idanunka biyu kuma ka auna girman tsallen, lissafin kusurwa na sakandare ya ishe ka fitar da nisan yatsan. Ba sai ka yarda da kowa ba, gwada yanzu.

Malam Garba: Madalla Injiniya, kin rage mini aiki. Da taurari haka ake yi, sai dai idanun biyu su ne wurare biyu a kan hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana. A ɗauki hoton tauraro a Janairu, a sake ɗauka a Yuli lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen. Tazarar wuraren biyu kilomita miliyan 300 ce. Tauraron da ke kusa sai a ga ya ɗan gusa idan aka gwada shi da na can baya.

Gusawar ƙanƙanuwa ce ainun. Raba digiri ɗaya gida 3,600, to ko na Proxima kusurwar da ake lissafi da ita ba ta cika gida ɗaya ba. Shi ya sa aka yi ƙarnuka ana nema ba a samu ba, har wasu magabata suka kafa hujja da rashin ganinta cewa duniya ba ta motsi. Sai a 1838 Friedrich Bessel, a birnin Königsberg, ya auna ta wani tauraro mai suna 61 Cygni, ya samu wajen shekara 10. Awon yau ya ba da 11.4. Kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya yi irin wannan awo ga taurari sama da biliyan ɗaya, kuma bayanan a buɗe suke a intanet ga duk mai son dubawa.

Na kusa ma ya fi sauƙi. A 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye madubai a kan wata. Har yau ana harba musu hasken leza daga ƙasa, ya je ya dawo cikin kimanin daƙiƙa biyu da rabi. Zara kuwa an auna nisanta da na'urar rada tun 1961.

Ɗan Gusau: Ni abin da ya sa ba na jayayya da lissafin mutanen nan shi ne husufin ranar Laraba 29 ga Maris 2006. An sanar tun da wuri cewa duhu zai bi ta Gana, Togo, Benin, ya shigo Najeriya ya ratsa ta Gusau da Katsina, ya haura Nijar. An faɗi sa'a, an faɗi minti. Da hantsi kuwa gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka cika masallatai ana sallar kisfewa. Wanda bai san nisan wata da girmansa da saurinsa ba, ba zai iya gaya maka garin da inuwarsa za ta faɗa ba.

Abu Sumayya: Husufi na yarda, wata da rana maƙwabta ne. Awon yatsa ma na ji. Amma Malam da bakinka ka ce gusawar ƙanƙanuwa ce ko ga na kusa. To waɗanda ake cewa miliyoyin shekaru fa? Can ai babu gusawar da za a gani.

Malam Garba: Tambayarka ta yi ma'ana, kuma gaskiya ne, can wannan hanyar ba ta kaiwa. Wata dabarar ake hawa, amma a kan ta farko aka gina ta.

In ka san ainihin ƙarfin fitila, misali cocilan irin taka ce sak wani ya riƙe a bakin gona da dare, dusashewarta kaɗai za ta gaya maka nisansa. Ƙa'idar a tsaye take: nisa ya ninka biyu, haske ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya ninka uku, ya koma ɗaya cikin tara. Matsalar taurari ita ce ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wani dusasshe ne don yana nesa, wani don asalinsa mai rauni ne. Ta ina za ka bambance?

Mace ce ta buɗe wannan ƙofa, Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a ɗakin nazarin taurari na Harvard, aikinta duba hotunan sama da ke kan faifan gilashi. Akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, wani cikin kwana uku, wani cikin kwana talatin ko fiye. A 1912 ta nazarci guda 25 da ke cikin gungu ɗaya, wato nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne, ta ga duk wanda zagayensa ya fi tsawo shi ya fi haske. Ke nan da ka ƙirga kwanakin zagayen ka san ainihin ƙarfin tauraron. Abin da ya rage shi ne a samu nisan 'yan kaɗan daga irinsu da ke kusa da mu don a daidaita ma'aunin, kuma an samu, yau ma Gaia ta sake tabbatar da shi da awon kusurwa.

A watan Oktoba 1923 Edwin Hubble, da na'urar hangen nesa mai madubin mita 2.5 da ke dutsen Wilson a Kalifoniya, ya tsinci irin wannan tauraro a cikin wani ɗan hazo da ake kira Andromeda. A lokacin ana ta gardama ko hazon nan a cikin gungun taurarinmu yake. Lissafi ya nuna yana can waje nesa, gungu ne mai zaman kansa da taurarinsa biliyoyi. Kafin wannan, masana da yawa sun ɗauka farin zanen nan da ke ratsa sama da dare, wato gungun taurarinmu, wanda faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000, shi ne iyakar halitta.

Ustaz Nura: Allah ya saka da alheri Malam. In ƙara wani abu don ɗan'uwa Abu Sumayya, tunda ya ce na Turawa ne. Wannan hazon na Andromeda, rubutu mafi tsufa da aka sani a kansa na Abdurrahman as-Sufi ne, a littafinsa na surorin taurari wajen shekarar 964, inda ya siffanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. Sunayen taurari da yawa da suke amfani da su har yau Larabci ne da harshensu ya lanƙwasa: Aldebaran shi ne Dabaran, Rigel daga rijlu ne, ƙafar Jauza'u. Shi'ira kuma Allah ya ambace shi da sunansa a Suratun Najmi, aya ta 49. Abin da malamai suka hana shi ne duba, a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai yi arziki ko aure zai mutu. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sanin tafiyarsu kuwa da shi muke gane alƙibla da lokutan salla.

Baba Alhaji Damagaram: Gaskiya ne Malam Nura. Mu nan tun muna yara da lissafin taurari iyayenmu ke noma. Manzili 28 ne, kowane kwana 13, guda ɗaya ke da 14, shekara ta cika 365. Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, haka ake jero su, kuma tsoho ya san wanda in ya kama ba a ƙara shuka gero. Yaran yanzu wutar lantarki da waya sun raba su da sama. Ka tambayi saurayi ya nuna maka Gamzaki da asuba, sai ya tsaya yana kallonka.

Malam Garba: Allah ya ƙara girma Baba. Gamzakin ma da Zara matar wata abu ɗaya ne, kuma duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, hasken rana take mayarwa. Wasu watanni ta fito da yamma bayan faɗuwar rana, wasu watanni ta riga rana fitowa da asuba.

Abu Sumayya: Ustaz na karɓi gyara a kan tarihin. Amma na je na duba, Malam Garba. Shi Hubble ɗin cewa ya yi Andromeda shekara 900,000 ne. Yanzu kuma ana cewa miliyan 2.5. Kusan ninki uku! In jiya sun yi kuskure haka, me zai hana na yau ma ya zama kuskure?

Malam Garba: Haka ne, kuma na ji daɗi da ka duba. Dalilin shi ne waɗannan taurari masu ƙaruwa da raguwa iri biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya haske, an kuwa cakuɗa su wajen daidaita ma'auni. Walter Baade ne ya rarrabe su, ya bayyana a 1952, nisan ya ninka nan take. Lura da abin da ya gyara kuskuren: wani awon ne da ya fi na farko kyau, da na'ura mafi girma. Kuma gyaran bai mayar da Andromeda cikin gungunmu ba, ƙara nisanta shi ya yi. Yau ana auna nisansa ta hanyoyi daban-daban da ba su dogara da juna ba, suna haɗuwa a wajen miliyan 2.5. Za a iya ƙara gyara kaɗan, amma ninki uku ya wuce.

Maman Ilham: To Malam, shi ke nan in na kalli Andromeda, abin da ya faru shekara miliyan biyu da rabi nake gani?

Malam Garba: Ƙwarai kuwa Hajiya, kuma nan ne abin ya fi ƙayatar da ni. Duk wanda ya hangi nesa, zamanin da ya shuɗe yake hange. Da haka ne aka iya karanta tarihin sararin samaniya da ido.

Haske in aka ratsa shi ta gilashi mai kusurwa uku yakan rabu launi-launi kamar bakan gizo, kuma a cikin launukan akwai siraran layuka baƙaƙe. Kowane sinadari da nasa jerin layukan. Ta haka aka gano sinadarin hiliyam a rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a ƙasa. Ta haka Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa taurari galibinsu haidurojin ne da hiliyam. To in abu yana nisantarmu, layukan nan sukan gusa zuwa ɓangaren ja. Vesto Slipher ya fara auna wannan tun 1912, ya ga yawancin gungun taurari sun karkata ja. Georges Lemaître a 1927, sannan Hubble a 1929, suka haɗa gusawar da nisa: duk gungun da ya fi nisa shi ya fi saurin nisantarmu. Sararin da ke tsakanin gungu da gungu ne ke buɗewa.

Injiniya Hadiza: Malam, nan ɗalibai kan ruɗe. In kowa gudunmu yake yi, ashe mu ne a tsakiya?

Malam Garba: A'a. Jera gungu huɗu a layi, tazara ɗaya-ɗaya tsakaninsu. Sai kowace tazara ta ninka. Wanda ke kan na farko zai ga na biyu ya ƙara nisa da ɗaya, na uku da biyu, na huɗu da uku, duk a lokaci guda. Koma kan na huɗu ka duba baya, abin da za ka gani ke nan sak. Kowa a inda yake zai ga kamar shi ake gudu. Sannan buɗewar ba ta aiki a inda maganaɗisun nauyi ya riƙe abubuwa. Duniya ba ta kumbura, rana ba ta nisantarmu saboda wannan, Andromeda ma tahowa yake wajenmu da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa.

In ana buɗewa, to a da an fi matsuwa, kuma an fi zafi. A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka lissafa cewa in haka ne, dole a samu ragowar wannan zafin ya cika ko'ina, ya huce zuwa wajen digiri 5 sama da sanyin ƙarshe, wato sanyin da babu wanda ya wuce shi. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata eriya a New Jersey, suka yi ta jin wani shuu da ya ƙi ɓacewa ko ina suka juya ta, dare da rana. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka share, bai tafi ba. Shi ne wannan ragowar, kuma awon yau ya ba da digiri 2.7. An ba su kyautar Nobel a 1978. Wannan ne haske mafi tsufa da ake iya kamawa, ya taso lokacin da sararin samaniya ke da shekara wajen 380,000. Daga nazarinsa, musamman da kumbon Planck da aka harba a 2009, aka fitar da shekara biliyan 13.8.

Abu Sumayya: To kafin nan fa? Me ya kawo shi?

Malam Garba: Awo yana kai mu ga wani yanayi mai tsananin zafi da matsuwa, ya bayyana yadda aka taho daga nan zuwa yau. Na'urata iyakarta ke nan. Dalilin samuwa da hikimarta fagen su Ustaz ne.

Ustaz Nura: Kuma ina jan hankalin 'yan uwa, kada mu riƙa gaggawar ɗora aya a kan kowane sabon bincike, don in binciken ya sauya sai jahili ya zaci ayar ce ta sauya. Tafsiri da ƙa'idojinsa. An umarce mu da mu yi tunani a kan halittar sammai da ƙasa, wannan kaɗai ya isa dalilin koyo.

Abu Sumayya: Nisan taurarin kusa na gamsu. Biliyan 13.8 kuwa har yanzu ina da ja. Su kansu sun daidaita a kai?

Malam Garba: A kan cewa biliyan goma sha uku da wani abu ne, hujjoji sun taru, har da shekarun tsofaffin taurari da ake lissafawa ta wata hanya dabam, suna ba da biliyan 12 zuwa 13. Amma akwai saɓani na gaske a kan saurin buɗewar a yau. Masu lissafi daga tsohon hasken nan suna samun wajen kilomita 67 a daƙiƙa ga kowace tazarar shekarar haske miliyan 3.26. Masu bin dabarar Leavitt, da na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sama tun 1990 da ta James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, suna samun wajen 73. Kowane ɓangare ya sake duba aikinsa, tazarar ba ta rufe ba. Ko akwai kuskuren awo da ya ɓuya, ko kuma akwai wani abu a tarihin sararin samaniya da lissafin bai ƙunsa ba. Ana kan aikin yanzu haka.

Ɗan Gusau: Malam, shi Andromeda ana iya ganinsa da ido daga nan?

Malam Garba: Ana iyawa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, tsakanin ƙarfe 8 da 9 na dare, yana can sama ta arewa. A zaɓi daren da babu farin wata kuma hazo bai sauko ba, a fita bayan gari inda babu fitilu, a bar waya a aljihu kamar minti ashirin ido ya saba da duhu. Nemo taurari biyar masu siffar harafin M a arewa, sannan ka haura sama daga gare su. Kada ka zuba masa ido kai tsaye, kalli ɗan gefensa, ya fi fitowa. Mai ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ya tafi da shi.

Baba Alhaji Damagaram: In za ku fita ku ɗauki yara, ku nuna musu Kaza da 'ya'yanta tukuna, a wannan lokacin tana gabas ta ɗago sosai.